Shawara Ga Mai Son Koyon Busa Sarewa

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi ɗan shekara 19, mazaunin wani ƙauye kusa da Hunƙuyi a ƙaramar hukumar Kudan. Ya ce ya ji kiɗan gargajiyar ƙasar Ailan a waya, inda wata 'yar siririyar sarewar gwangwani ke jan ragamar kiɗan, sai ta tuna masa da sarewar Fulanin da ke shigowa gonakinsu da shanu bayan an kwashe amfani. Yana son ya koya. Abokansa suna yi masa dariya, wai abin 'yan kiwo ne. Mahaifinsa kuma ya ce masa, "A gidan nan ba mu gaji roƙo ba." Tambayoyinsa uku ne: ta Turawan zai nema ko tamu ta gida? Ta ina zai fara? Kuma sarewa abin busa ce da za a riƙa da muhimmanci, ko kuwa ɓata lokaci ne?

Ƙanena, na gode da wasiƙarka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta fi ci maka tuwo a ƙwarya.

Me ya sa ake raina sarewa?

A ƙasar Zazzau, wadda Ikara da Maƙarfi da Kudan ke cikinta, kayan busa suna da manya da ƙanana. Kakaki na sarki ne, ba a busa wa kowa shi. Algaita tana bin sarakuna da hakimai, kuma duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Zariya ya ga yadda mai algaita ke tafe a bayan ubangidansa, kumatu a kumbure. Mabusan fada suna da sarautunsu, suna da gidajen da aka san su da sana'ar tun kaka da kakanni. Sarewa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta da ubangida, ba a naɗa wa mai ita rawani, kuma da karan dawa ko guntun gora ake yin ta. Wanda ya fi busa ta shi ne makiyayi, shi kaɗai a dawa, sai kuma a wajen shaɗi da bukukuwan ruga. Masu binciken nan David Ames da Anthony King, waɗanda suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, sun lissafa ta cikin kayan busan ƙasar nan, amma a idon mutanen gari ba ta taɓa hawa layin algaita ba.

Ka lura, cikin dalilan nan babu wanda ya shafi muryarta. Arha ce, ba ta da fada, masu ita mutanen daji ne. Duka ukun magana ce a kan matsayin masu riƙe da ita.

Yadda ta kasance a Ailan

Ita ma waccan da ka ji a waya haka aka yi mata. Wani ɗan ƙodagon gona a Ingila mai suna Robert Clarke ne ya fara ƙera ta da yawa daga gwangwani a 1843, ya kafa sana'arsa a Mancesta. Don tsananin arharta, yara da masu busa a bakin titi ne suka fi riƙe ta. A Ailan manyan kayan kiɗa su ne wani mai tsirkiya da yawa wanda hotonsa ke kan kuɗin ƙasar, da wata algaita mai jakar iska da ake matsawa da gwiwar hannu. Hukumar UNESCO ta sa algaitar cikin kayan gadon duniya a 2017, mai tsirkiyar kuma a 2019. Sarewar gwangwani kuwa an daɗe ana ɗaukarta abin da yaro zai fara da shi kafin ya kai ga na gaske.

Abu uku ne suka canza mata matsayi. Na farko ƙungiya: a 1951 aka kafa Comhaltas a garin Mullingar don raya kiɗan gargajiya, ta buɗe azuzuwa a garuruwa, ta kuma fara gasar ƙasa ta shekara-shekara wadda yanzu ke tara dubban ɗaruruwan mutane, kuma sarewar gwangwani tana da nata rukunin a gasar. Na biyu makaranta: yara da yawa a firamare da ita suke fara sanin kiɗa. Na uku gwanaye. Micho Russell, manomi ne daga ƙauyen Doolin, ya ci gasar ƙasa a 1973, daga nan aka riƙa gayyatarsa ƙasashen waje. Mary Bergin ta fitar da faifai a 1979 wanda ya sa masu cewa wasan yara ne suka yi shiru. Paddy Moloney na ƙungiyar Chieftains ya zaga duniya da ita. Wanda ya kalli fim ɗin Titanic na 1997 ya ji irin muryarta, ko da bai san sunanta ba. A Afirka ta Kudu ma, yaran unguwannin baƙar fata na Johanasbag sun gina kiɗan kwela a kanta a shekarun 1950, har Spokes Mashiyane ya yi suna da ita.

Ba sai mun je nesa ba ma. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, da gwangwanin kifi ake yin sa, amma da shi Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 2015. A Nijar, Yakuba Mumuni ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995, sarewar Fulani ce a hannunsa, kuma da ita ya hau manyan dandamali a Turai. Darajar abin busa tana zuwa ne daga hannun da ya ƙware a kai, da kuma jama'ar da ta yarda ta koyar da shi, ta yi gasa a kansa, ta adana shi. To, ga yadda za ka fara naka rabon aikin.

Wacce za ka zaɓa?

Ta Ailan huda 6 gare ta, tsawonta kusan santimita 30, kuma bakinta irin na usur ne: kana hurawa za ta yi kuka. Wannan ne sauƙinta. Idan kana da wanda zai kawo maka, ka ce masa mai muryar D, domin ita ce akasarin kiɗansu ke tafiya a kai, kuma kamfanonin Clarke, Generation da Feadóg sanannu ne. Ka yi hattara da ta roba mai huda 8 da ake sayarwa a shagunan littattafai don 'yan makaranta. Wannan wata aba ce dabam, kuma ɗora yatsunta ya bambanta.

Tamu kuwa bututu ne buɗaɗɗe gaba da baya, galibi mai huda 4, ba ta da usur a baki. Leɓenka ne zai yi aikin usur ɗin. Farkonta da wuya, amma tana ba da abin da waccan ba ta iya bayarwa: kana iya lanƙwasa murya, ka sa ta yi kauri ko ta yi dishi-dishi, duk da motsin leɓe.

Shawarata ita ce ka fara da tamu. Malamanta suna kusa da kai, kayan yinta suna bayan gidanku, kuma karin da ke kunnenka tun kana goye a kanta ya fi zama. Wanda ya iya tamu, ta Ailan ba za ta ba shi wuya ba. Wanda ya fara da mai usur kuwa, sai ya koma farko in ya zo kan tamu.

Yadda za ka yi taka

Hanya mafi kyau ita ce ka sami tsohuwar sarewa mai daɗin murya, ka auna tsawonta da faɗinta da tazarar hudojinta, ka kwaikwaya. Masu yi na gargajiya da yatsu da kunne suke awo, kuma awonsu ya fi dacewa da karin ruga. In ba ka samu ba, ga mafari.

Kaya iri uku ake amfani da su. Karan dawa shi ne na asali: a zaɓi miƙaƙƙe da ya bushe sarai bayan girbi, a fitar da totuwar da tsinken ƙarfe mai zafi, a huda gaɓoɓin. Muryarsa da laushi, amma ba ya jure wahala. Gora ta fi ƙarko da amo. Ga mai koyo kuwa, babu kamar fayif ɗin roba na wayarin, mai faɗin milimita 20, wanda za ka samu a shagon masu kayan lantarki a Maƙarfi ko Ikara. Ba ya tsagewa, kuma in ka ɓata ɗaya ba ka yi asara mai yawa ba. Rake dai, duk yawansa a yankinku, ba ya yin sarewa, a bar shi ga masu mazarƙwaila.

Ka yanke fayif santimita 50 da zarto, ka tabbata bakin ya daidaita. Sai ka fere gefen bakin da za ka busa ta waje, zagaye, da magagari ko samfefa, har ya yi ɗan kaifi kamar bakin kofi, ba kaifin yanka leɓe ba. A wannan kaifin ne iska ke rabuwa ta haifar da sauti, don haka kada ka yi gaggawa a kansa. Kafin ka huda komai, ka tabbata fayif ɗin yana ba da murya.

Daga bakin busawa ka auna da tef ɗin tela, ka sa alama a santimita 25, da 29, da 36 da rabi, da 41 da rabi, duk a layi ɗaya. Waɗannan za su ba ka muryoyi biyar, irin waɗanda yawancin karin waƙoƙinmu ke yawo a kansu. Ka fara da hudar da ta fi nisa da baki. Ka yi ta ƙarama, kamar milimita 5, ka busa, ka saurara. In muryar ta yi ƙasa, ka ƙara faɗin hudar kaɗan, domin faɗaɗa huda yana ɗaga murya. Ba a iya mayar da ita in ta yi yawa, saboda haka a riƙa ci kaɗan-kaɗan. In ta zauna, sai ka wuce ta gaba. A kara da gora ana hudawa da ƙusa mai zafi. A roba kada ka yi haka, hayaƙinta guba ne. Ka yi amfani da tsinin wuƙa ko injin huda na kafinta, sannan ka goge da samfefa.

Ƙa'idar da za ka riƙe: doguwar sarewa muryarta kauri, gajera muryarta siririya. In kana son wani tsawon, ka sa hudojin a kashi 50, 58, 73 da 83 cikin ɗari na tsawon, daga bakin busawa.

Fitar da sautin farko

A nan ne mafi yawan masu koyo ke ajiye ta. Ka tsuke leɓe kamar za ka yi fito. Ka ɗora bakin sarewar a kan leɓenka, ka karkatar da ita gefe guda, ƙasanta yana kallon wajen gwiwarka ta dama. Leɓen zai rufe kusan duk bakin, ya bar 'yar kafa a gefe. Ta wannan kafar za ka aika siririyar iska ta daki kaifin da ka fere. Kada ka rufe huda ko ɗaya tukuna. Ka tsaya gaban madubi, ka riƙa juya kusurwar a hankali, kana ci gaba da fiton. Da farko iska kawai za ka ji, fuu, fuu. Wata rana sai murya ta ɓullo ta ɓace. In ta ɓullo, kada ka motsa, ka dubi madubi ka haddace yadda bakinka yake.

Wasu suna samunta a yini guda, wasu sai sun yi mako biyu. Ƙarfin hurawa ba ya kawo ta, saiti ne. In ka ji jiri, ka ajiye ka huta, alama ce kana zubar da iska fiye da kima.

In murya ta zauna, sai yatsu. Hannun hagu a sama, na dama a ƙasa. Manuniya da yatsan da ke kusa da ƙarami su ne masu rufe huda, babban yatsa da na tsakiya su riƙe sarewar. Da tsokar cikin yatsa ake rufewa, a shimfiɗe, ba da kan farce ba. Ka rufe ta sama, ka busa, ka ƙara ta biyu, har ka rufe duka huɗun. Muryar ƙasa ita ce mai gardama, tana son iska mai taushi da ɗumi. In ta yi ƙara mara daɗi, kusan kullum wata huda ce ke yoyo.

Daga nan ka riƙa jan kowace murya gwargwadon numfashinka, ba rawa, ba yankewa. Numfashin daga ciki yake fitowa: in ka shaƙa, tumbinka ne zai taso, kafaɗa ta zauna inda take. In ka ƙara saurin iskar kaɗan ka ƙara tsuke leɓe, yatsun nan dai za su ba ka murya ta sama. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

Ado yana zuwa daga baya. Mabusan Ailan ba su cika yanka sauti da harshe ba. Suna ɗaga yatsa su mayar cikin ƙiftawar ido, ko su ɗan buga hudar ƙasa, sai sauti ɗaya ya rabu biyu ko uku ba tare da numfashi ya katse ba. Wannan dabara tana zama daram a kan sarewa. Mabusan Fulani da yawa kuma suna gunji a maƙogwaro lokacin da suke busa, sai ka ji kamar mutum biyu ne. Akwai kuma numfashin masu algaita, wanda ake tara iska a kumatu ana tura ta, ana shaƙar wata ta hanci. Ana koyonsa da kofin ruwa da tsinken shan lemo: ka yi ta hura kumfa, kana ƙoƙarin shaƙa ta hanci ba tare da kumfar ta tsaya ba. Amma duk waɗannan sai murya ta tsaya da ƙafarta.

Nemi malami, ka horar da kunne

Waya za ta nuna maka yatsu, amma ba za ta ce maka ka yi kuskure ba. Gwanayen sarewa suna nan, sai dai ba su da allon talla. Ka tambaya ranar kasuwa, a kara wajen masu shanu, ko wurin masu nono da suka saba da gidanku. Ka bi ta hannun ardo ko wani dattijo da ya san ɓangarorin biyu. Yadda hanyoyi suke a yanzu, kada ka kama hanyar daji kai kaɗai don neman ruga. Ku haɗu a gari, ranar kasuwar Maƙarfi ko ta Ikara, ko a gonarku lokacin da shanu ke cin kara.

Ka je da goro ko sukari da ganyen shayi. Ka gaishe da malamin, ka kira shi Baffa in ya manyanta. Kada ka fara da ciro waya. Ka zauna ka saurara, ka nuna masa taka sarewar, ka bar shi ya kushe ta, domin a cikin kushen ne karatun yake. In kana son ɗaukar murya, ka nemi izini, ka faɗa masa abin da za ka yi da ita, kuma kada ka sa a intanet sai ya yarda. Kowane kari ka tambayi sunansa, da lokacin da ake busa shi, da wanda ya koya masa. Akwai na kiwo, akwai na shaɗi, akwai na biki, kuma busa wani a inda bai dace ba abin kunya ne.

A gida ka saurari abin da ka ɗauka har ka iya rera shi da baki kafin ka taɓa sarewa. Abin da bakinka bai iya ba, yatsunka ba za su iya ba. Ka yanka shi gaɓa-gaɓa, ka rage saurinsa a waya, ka bi a hankali. Kari biyar da ka iya sarai sun fi hamsin da kake tuntuɓe a cikinsu.

Ka sayi littafin rubutu na musamman don wannan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi adana kiɗan Ailan ɗan sanda ne, Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago a Amurka, wanda ya bi 'yan ƙasarsu da ke ci-rani yana tattara abin da suke busawa, ya buga kari 1,850 a littafi guda a 1903. Kai kana da abin da shi bai samu ba, wato na'urar ɗaukar murya a aljihu.

Kula da ita

Hunturu shi ne babban abokin gabar kara da gora. Ka ɗaure bakin da gindin da zare mai ƙarfi, ka shafa man gyaɗa kaɗan ciki da waje lokaci-lokaci, da tsumma a kan tsinke. Kada ka bar ta a rana ko kusa da murhu, ta roba ma tana lanƙwashewa. Bayan busa ka girgiza ta, ka jingine ta a tsaye danshin ya fita. Da damina ka rataye ta, kada ta kwana a ƙasa inda gara za ta same ta. Kada ka sa ta a aljihun baya. Kuma ba a karɓa-karɓa da abin da ake sa wa baki, saboda mura. In aboki yana so, ka yanka masa tasa.

Maganar Baba da mutanen unguwa

Tsoron mahaifinka yana da tushe. A al'adarmu kiɗa da busa sun daɗe a haɗe da roƙo, kuma uba yana tunanin ranar da za a je nema maka aure a tambayi sana'ar gidanku. Kada ka yi musu da shi, kuma kada ka kawo masa labarin Ailan. Ka sami kawunka ko wani amininsa da yake jin maganarsa, ka yi masa bayani, shi ya isar. Ka ɗauki alkawuran da za a iya gani da ido: ba za ta hana ka salla a kan lokaci ba, ba za ta taɓa aikin gona ko karatu ba, ba za ka bi kowa kana busa don ya ba ka kuɗi ba, ba za ka je wasan dare ba. Sannan ka cika. In duk da haka ya ce a'a, ka haƙura zuwa wani lokaci. Sarewa ba ta tsufa, albarkar iyaye kuwa ba a sayenta a kasuwa.

Ta fuskar addini, malamai sun yi magana mai yawa a kan kayan kiɗa da busa, da yawansu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Wannan fili ba na fatawa ba ne. Ka je wurin malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka faɗa masa gaskiyar abin da kake nufin yi, ka ji ta bakinsa.

Unguwa ma tana da haƙƙi. Ban da kusa da masallaci ko makarantar allo, ban da lokacin kiran salla, ban da inda ake zaman makoki ko jinya. Ka san yadda tsofaffinmu suke ƙin fito da dare, to sarewa ma haka za su ɗauke ta. Gona da yamma, ko bakin fadama, nan ne ajinka. Abokai masu dariya kuwa, ba su da amsa sai ranar da ka busa musu kari guda tiryan-tiryan ba kuskure.

In ta fara kawo kuɗi

Kada ka bar noma ko makaranta saboda ita. Amma akwai kasuwa. Waƙoƙin finafinanmu cike suke da muryar sarewa, sai dai kusan duka daga fiyano ake ciro ta, kuma kunne yana bambance ta da wadda ɗan Adam ya hura. Masu sutudiyo a Zariya da Kaduna da Kano za su saurare ka in ka cika sharaɗi ɗaya: muryarka ta hau daidai da ta fiyano. Don haka ka sauke manhajar daidaita murya a waya, ka yi sarewa uku ko huɗu masu tsawo dabam-dabam, kowace ka daidaita ta da wata murya, ka rubuta a jikinta. Mai sarewa ɗaya waƙoƙin da suka dace da muryarta kaɗai zai iya shiga.

A yi ciniki kafin a fara, ba bayan an gama ba. A rubuta, ko da a saƙon waya ne: nawa ne, waƙa nawa, kuma za a ambaci sunanka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta san da haƙƙin mai wasa, ba mawallafi kaɗai ba. In karin na malaminka ne, ka faɗi haka, ka kai masa rabonsa. Wanda ya yanka farashin aikinsa ya karɓa ma'aikaci ne, kuma wannan ita ce amsar da za ta fi gamsar da Baba.

Abin da yankinku zai iya yi

Mutum ɗaya ba ya ɗaga darajar abin busa. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kalangu ma ya ƙaru da wannan girma, amma sai da aka yi shekaru ana jin sa a rediyo, ana nazarinsa a jami'a. Sarewa tana bukatar irin wannan hidima, kuma ana iya farawa da ƙarami.

Fayif guda na wayarin yana fitar da sarewa biyar ko fiye, ke nan kuɗi kaɗan zai wadatar da aji guda. Malamin Hausa ko na fasaha a wata sakandare a Hunƙuyi, Gimi ko Paki zai iya kafa ƙungiya, a gayyato gwani daga ruga ya koyar, a biya shi kamar kowane malami. A ranar al'adu ta makaranta a ware wa sarewa nata lokaci ita kaɗai, kada a cusa ta a bayan ganguna inda ba a jin ta. Ƙungiyoyin matasa na ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan za su iya shirya gasa sau ɗaya a shekara bayan girbi, da rukunin yara da na manya, alƙalai kuma su kasance tsofaffin mabusa. Irin wannan taro yana da wata riba: ɗan manomi zai zauna gaban makiyayi yana ɗaukar karatu, abin da yankinmu ke bukata ƙwarai a wannan zamani. Abin da aka ɗauka na murya kuma a kai kwafi sashen nazarin harsuna da al'adun Afirka ko na wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, don kada ya ɓace in waya ta lalace.

Kai dai ga naka jadawalin. A wannan mako ka yanki fayif, ka fere baki, ka nemi murya. A wata na farko ka huda, ka zauna a kan muryoyi biyar ɗin. Kafin kaka ka sami malami ta hannun dattijo, ka aika kawunka wurin Baba. In ka iya kari uku, ka yanka wa ƙannenka biyu nasu, ka koya musu na farko, domin a wajen koyarwa ne za ka gane inda naka bai nuna ba. In ka kai nan, ka sake rubuto mini, mu yi maganar numfashin masu algaita dalla-dalla. Allah ya ba da sa'a.